Fentin da Na Sa Aka Kankare a Ƙasar Bagudo

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi ranar Laraba, ana idar da salla, ni da ɗan ƙanwata, magidanci mai haƙuri wanda ya ɗauki nauyin tuƙa ni, domin idanuna sun daina jure hasken fitilun manyan motoci. A kan cinyata na rungume tsohuwar jakata ta fata. A cikinta akwai gwangwanayen feshi guda uku, da geji na auna ƙarfin matsi, da gilashi mai ƙara girman abu, da buroshin waya. Sau biyu ya roƙe ni in bari a sa jakar a but ɗin mota, sau biyu na ƙi. Gwangwanin feshi ba ya shiri da zafin but, ni kuma ba ni da niyyar a ce tsoho ya yi ritaya lafiya, kayan aikinsa sun fashe da shi a hanyar Jega.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara karanta rubutuna ba, bari in yi bayani kaɗan. Na shafe fiye da shekara talatin ina aikin duba walda a matatun mai da manyan masana'antu. Aikin shi ne in gano aibin da ke ɓoye a jikin ƙarfe ba tare da na yanka ƙarfen ko na fasa shi ba. Ba aiki ne mai jawo farin jini ba. Mai walda ba ya son ganinka, mai kaya ba ya son jin abin da za ka faɗa, kuma idan ka yi aikinka da kyau babu abin da ke faruwa, saboda haka babu wanda zai gode maka.

Dalilin tafiyar kuwa taubashiyata ce, 'yar goggona, wadda ke shugabantar ƙungiyar mata masu man gyaɗa a wani ƙauye hayin kogin Kwara, kan hanyar iyakar Benin. Shekaru suna matsar mai da hannu. Bana sai suka haɗa ƙarfi suka sa wani mai walda ya ƙera musu tukunyar tururi, wadda za su riƙa tace man da ita, ya rabu da wari da duhun launi, ya yi daraja a idon fatake masu tsallaka iyaka. An tsayar da ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci domin walima da hura wuta ta farko. Mata takwas ne za su riƙa aiki a gindinta kullum. Tukunyar tururi kuwa idan ta gaza, ba yoyo take yi kamar randa ba. Tashi take yi da rufin rumfa da duk wanda ke ƙarƙashinsa. Na taɓa ganin haka sau ɗaya a zamanin aikina, kuma har yau ba na son tuna ƙamshin wurin.

Da ta kira ni a waya, sharaɗi ɗaya na gindaya mata, na kuma maimaita shi har sau uku da Hausa mai sauƙi: kada a shafa wa tukunyar nan komai kafin in zo. A bar ta yadda ta fito daga hannun mai walda. Ta ce, "To, Bature, an ji." Da Bature take kirana tun ranar da na dawo hutu daga makaranta sanye da gajeren wando, shekara sittin ke nan ba ta gaji ba.

Daga Birni zuwa Jega hanya ba ta da laifi. Daga Jega zuwa Koko kuwa sai ka riƙa neman izinin wucewa a wurin tireloli, waɗanda direbobinsu suka ɗauki tsakiyar titi gadon ubansu. Da muka karya yamma daga Koko, sai kwalta ta fara zuwa tana tafiya, nan akwai, can babu, damina ta cinye gefe da gefe. Amma ƙasa ta yi kyau, dole in faɗi gaskiya. Shinkafa ta sunkuyar da kai a fadamu, an tara gyaɗa tsibi-tsibi a bakin gonaki, shanu sun yi ɓul-ɓul. Na ce wa ɗan ƙanwata ya rage gudu in more kallo. Ya ce, "Kawu, ai ramukan nan sun riga ka ba da umarni."

Shingayen masu kaki kuwa na daina ƙirga su bayan na bakwai. A ɗaya daga cikinsu, wanda ba zan faɗi wuri ko launin kakin ba, wani jami'i ya leƙo ya ga jakar da na rungume, ya ce in buɗe. Ya ɗauki gwangwani ɗaya ya girgiza a kunnensa. Na yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda na saba yi wa ɗalibai: na farko na wanke ƙarfe ne, na biyu jan ruwa ne mai shiga duk wata tsaga komai ƙanƙantarta, na uku farar hoda ce mai tsotso jan nan ta fito da shi fili. Ya saurara da kyau, har na fara yaba masa a raina. Sai ya ɗauki na ukun ya fesa a jikin gangar da suka tare hanya da ita. Da ya ga ruwa ya bushe ya koma fari fat, abin ya burge shi, ya kira abokin aikinsa. Abokin ya kira na uku. Ina zaune ina kallo, da girmana da furfurata, suka rubuta sunayensu a jikin ganga da hodar da na aika aka sayo mini tun daga Kaduna. Aka miƙo mini gwangwani babu nauyi, aka ce, "Baba, kayanka ba su da matsala. A sauka lafiya."

Muka wuce har Bagudo. A can muka karya da shayi da ƙosai a bakin tasha, ƙosan ya yi daɗi, farashinsa ya fi na Birni sauƙi, amma ban ji daɗinsa yadda ya kamata ba. Ina cikin kurɓar shayi sai na tuna tsohon da ya fara koya mini aiki, tun ba a san gwangwanin feshi a ƙasar nan ba. Shi da alli yake aiki a madadin farar hodar nan, a niƙa shi laushi a dama da sifirit. Na miƙe na shiga wani kemis na wata mata 'yar kudu, na sayi kwalabe biyu. Da na yi mata Turanci sai ta amsa mini da Kabanci tsantsa, Hausar mutanenmu na Kebbi, irin wanda ni kaina boko ya goge mini shi daga baki. Ta ce, "Baba, mi kaka yi da sifirit haka? Ɗiya nawa anka yi ma kaciya?" Na ce mata ƙarfe zan yi wa magani. Ta yi mini kallon tausayi.

A gadar Tuga na sa aka tsaya. Kwara ta cika ta batse, jiragen masunta suna yawo a kanta, mata sun jera kifi soyayye a faranti. Muka sayi na kai wa gida, muka haye. Daga nan hanya ta ƙara lalacewa, babura masu ɗauke da jarkoki suna wuce mu kamar an koro su, har muka isa ƙauyen wajen azahar.

Guɗa ce ta tarbe mu. Mata sun yi layi, an shimfiɗa tabarmi, an kawo fura da nono a ƙwarya mai faifai. Na sha, na yi godiya, aka yi gaishe-gaishe yadda ya dace. Sannan taubashiyata ta kama gefen rigata ta ja ni zuwa rumfar aiki, fuskarta cike da alfahari, aka yaye wani babban zane.

Jama'a, ga tukunya nan tsaye, tsawonta ya fi mutum, an shafe ta da koren fenti mai sheƙi tun daga wuya har ƙafafu. A kan koren an zana furanni ja da rawaya, irin na jikin kwanukan jere. An zana tsuntsaye biyu suna fuskantar juna. An rubuta sunan ƙungiya da addu'ar neman albarka. Daga baya na ji mai zanen manyan motoci suka ɗauko takanas daga Ka'oje. Na nemi layin walda da ido, ban gan shi ba. Na shafa da hannu, sumul kamar kwai.

Na ce, "Hajiya, me na faɗa miki a waya?"

Ta ce, "Na ji ka sarai. Amma a ɗauko babban mutum tun daga Birni, a nuna mishi tukunya tsirara, baƙa ƙirin da tsatsa? Mi mutanen gari za su ce da mu? Don kai munka yi, Bature. Kai ko sannu ba ka iya ba."

A nan mai waldar ya matso. Mutum ne kakkaura mai kimanin shekara arba'in da biyar, iyayensa daga kudu suka zo, shi kuwa a Bagudo aka haife shi, hannayensa duk tabon tartsatsi. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya shiga ba ni labarin aikinsa da murna. Ya ce ya gurje duk layukan walda da inji har suka yi daidai da jiki, ya cike sauran da foti irin na masu gyaran jikin mota, sannan aka yi fenti shafi uku, don ta yi kama da ta ƙasar waje. Na tambaye shi ko ya gwada ta. Ya ce ƙwarai. Ya ɗauko mai faci da injinsa na ba taya iska, suka ɗura mata iska har ta ƙoshi, ya bi ta da ruwan sabulu yana kara kunne, ko kumfa ɗaya bai gani ba.

Na nemi kujera na zauna. Iska idan aka matse ta a cikin ƙarfe, ƙarfi take tarawa kamar albarushi, ranar da ƙarfen ya saki kuwa babu gargaɗi. Shi ya sa da ruwa ake gwaji, domin ruwa ba ya matsuwa, idan wuri ya tsage sai dai ya tsiyaye. Wannan bawan Allah ya kara kunnensa a jikin abin da zai iya raba shi da kansa, ya kuma yi gwajin ne bayan an riga an toshe komai da foti. Na faɗa masa haka, ba na jin na tausasa murya. Na ce sai an kankare fentin da fotin daga kan kowane layin walda, faɗin yatsu uku, in ga ƙarfe da idona.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba Injiniya, da girmanka. Shekara ashirin ina walda ƙasag ga, ko ƙofa ba ta taɓa dawo min ba. Kuma matata tana cikin ƙungiya, ita ce mai kula da wuta. Ga kujerarta nan. Ni zan yi ma uwar ɗiyana mugun aiki?" Ya nuna wata 'yar kujerar tsugunno da aka ajiye a gindin tukunyar, daidai bakin murhu.

Na ce ban ce ya yi mugun aiki ba, na ce ban ga aikin ba. Taubashiyata ta ce ba za a taɓa furen nan ba, an gayyaci wakilin hakimi, an sayi rago, mata daga Lafagu da Sharabi masu kawo musu gyaɗa duk za su zo. Na ce to, ni ba ni da ikon hana kowa hura wuta, na yi ritaya, ba ni da hatimi ba ni da ofis. Amma ba zan zauna a layin gaba ranar Juma'a mutane su ɗauka na duba na yarda ba. Gobe da safe zan koma inda na fito. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya. Dama tun kana yaro ba ka iya zaman biki ba."

Haka muka zauna a zaure bayan la'asar, kowa ya ɗaure fuska, ɗan ƙanwata yana ta kallon wayarsa kamar ba ya wurin. Sai ga wata mai tallar tukwanen ƙasa ta yi sallama ta sauke kayanta. Taubashiyata, wadda ko a tsakiyar faɗa ba ta ƙyale ciniki, ta jawo wani tulu ja mai kyau, ta ƙwanƙwasa shi da ƙashin yatsa, ta kara kunne. Ta juya shi, ta tsaya a wani wuri da jan ya fi kauri, ta sa farce ta kankare. Ga tsaga nan siririya a ƙarƙashi. Ta ɗago ta balbale mai tallar da faɗa: "Ke, ni za ki shafe ma tsaga da jar ƙasa? Yaushe anka haife ki?"

Na bari ta gama. Sannan na ce, "Hajiya, me ya sa kika kankare mata kwalliyar tulu? Ai ya yi kyau."

Ta dube ni, ta dubi tulun. Can ta ajiye shi a hankali ta ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya kai ka makaranta." Ta aika a kira mai walda.

Shi da kansa ya yi kankarar, bai yarda wani ya sa hannu ba. Na hana shi amfani da inji, domin inji yakan murje ƙarfe ya rufe bakin tsaga, saboda haka da tina mai narkar da fenti da wuƙa da buroshin waya aka yi, har rana ta faɗi. Mata sun tsaya daga nesa suna kallon furanninsu suna zuba ƙasa. Ɗaya daga cikin tsuntsayen nan ya rasa kansa, domin layin walda ta wuyansa ya bi. Tuwon shinkafa da miyar kifi da aka kawo mini da magariba ya yi daɗi, amma yadda aka dire kwanon ya isa jawabi.

Ranar Alhamis da hantsi, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi, na fara aiki. Wata tsohuwa mai kaɗi ta ba ni allinta, aka daka shi aka tankaɗe a rariyar laushi, na dama da sifirit. Na wanke layukan, na fesa jan ruwa, na ce a jira kwata, wato minti goma sha biyar. Na goge shi tsaf da tsumma, na shafa allin sama-sama, ya bushe fari. Sai jira. Dogon layin da ya tashi daga sama zuwa ƙasa ya zauna fari tas. Na kewayen wuya, fari. Na kewayen gindi, fari. Na sa gilashi na bi su taƙi-taƙi, kuma ina so a rubuta wannan a inda kowa zai gani: hannun mutumin nan yana da kyau. Na ga waldar da ba ta kai tasa ba a wuraren da ake sa hular kwano ana shiga da kati. Na faɗa masa haka a gaban jama'a. Ya gyara tsayuwa, ya dubi mata ya ce, "To, kun ji da kunnenku. An kashe muna tsuntsu banza."

Saura wuri ɗaya, can ƙasa, inda bututun fitar da ruwa ya haɗu da jikin tukunya. Sai da na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara kafin na gan shi. A kan farin allin, wani jan layi ya fito siriri kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, yana ƙara kauri ina kallo. Na kira shi ya duba. Ya ce ƙarzanen wuƙa ne daga kankarar jiya. Na goge na sake, ya sake fitowa a wurinsa. Ya ce ko ma mene ne, a fata yake, bai shiga ciki ba. Ban yi musu ba. Na gaji da musu. Na ce a kawo ruwa.

Mata suka yi ta jido ruwa daga rijiya har tukunya ta cika ta tumbatsa, iska ta fita duka. Muka toshe kowace kafa, na ɗaura gejina, muka haɗa wani famfon hannu da aka aro. Na sa kowa ya ja baya, na ce mai walda ya buga famfon da kansa. Allurar geji ta fara hawa. Ta wuce rabin inda nake so, babu komai. Ta kai ƙarfin da tukunyar za ta yi aiki da shi kullum, sai na ga wurin nan ya yi gumi. Ɗigo ɗaya ya taru ya faɗi. Na ce ya ƙara bugu biyu. A bugu na biyu sai wani zaren ruwa ya fito da ɗan fito mai sauti, siriri, miƙaƙƙe, ya tsallake bakin murhu ya sauka a kan 'yar kujerar nan ta tsugunno. Babu wanda ya tuna ya ɗauke ta tun jiya. Muna tsaye muna ji ruwa yana buga katakon, yana gangarowa ta ƙafafunta.

Matar tasa tana cikin masu kallo, da bokiti a hannu. Shi kuwa ya saki famfon, ya tafi ya ɗauke kujerar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya kai ta can bakin zaure ya ajiye. Da ya dawo bai dubi kowa ba. Ya ce, "Baba, mi za a yi?"

A hanyarmu ta zuwa Tsamiya, kasuwar iyaka, neman sandunan walda masu kyau ne ya faɗa mini sauran. Bututun nan shi ya haɗa daga ƙarshe, ranar da aka wuni ana ruwa, da ragowar sandunan da suka kwana biyu a buɗe a shagonsa, shagon kuwa a bakin fadama yake. Sandar walda idan ta sha danshi, takan bar aibi a cikin ƙarfe wanda ba ya nuna kansa sai daga baya. Bai taɓa jin haka ba, domin ƙofa da taga ba sa tona asirin kowa.

Kasuwar iyaka kuwa duniya ce. Ka ji Hausa, ka ji Dandanci, ka ji Fulatanci, ka ji Faransanci, duk a bakin mutum ɗaya. Ana ciniki da naira ana ciniki da sefa, kowane mai kaya ya rantse maka nasa daga Kwatano ya zo jiya. Shago huɗu muka shiga ana nuna mana sanduna a buɗe, an ɗaure su da roba kamar rake, kowa yana cewa ai duk ɗaya ne. A na biyar muka sami kwali rufaffe da ledarsa. Ɗan ƙanwata ya sayi dogon burodin nan nasu mai tauri, ya ce zai kai wa iyali tsaraba. Na gwada gutsure ɗaya, na tuna haƙoran da suka rage mini, na mayar masa.

Da muka dawo an zubar da ruwa, mai walda ya haƙe tsagar har gindinta, na sake shafa ja da alli na tabbatar babu saura, sannan ya ɗumama wurin ya cike shi a natse, layi bisa layi. Ya gama daidai la'asar. Taubashiyata ta ce to a gwada yanzu, gobe a hura wuta. Na ce a'a. Irin wannan gyara sai ya kwana ya wuni, domin in zai sake tsagewa a cikin wannan lokacin yake yi. Ba za a gwada ba sai gobe da la'asar. Ta ɗora hannu a ka. "Gobe da la'asar ai baƙi suna zaune! Mi za mu nuna musu?" Kafin in buɗe baki mai walda ya riga ni. Ya ce, "Hajiya, abin da Baba ya ce shi za a yi." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce yanzu kuma Turawa sun zama biyu.

Saboda haka, jama'a, na halarci walimar da ban taɓa ganin irinta ba. An sauko daga Juma'a, an ci rago, an yi addu'a, wakilin hakimi ya yi jawabi a gaban tukunya mai zane-zanen ƙarfe tsirara da tsuntsu marar kai. Da la'asar ta yi, na shafa ja da alli a gaban kowa, wurin ya zauna fari. Aka cika ruwa, mai walda ya buga famfo har allura ta kai ninki ɗaya da rabi na ƙarfin aiki, na rufe bawul, wato makullin bututu, na duba agogo na ce rabin awa. Mutum fiye da yadda rumfar za ta ɗauka suka zuba wa allura ɗaya ido. Wakilin hakimi ya sa aka matso masa da kujera. Wani dattijo ya tambaya da ƙarfi ko yaushe za ta fara motsi, aka ce masa ai rashin motsin ake nema, ya ce shi bai taɓa zuwa kallon abin da ba ya faruwa ba. Mai walda yana tsugune a gindin bututu, ya kafa masa ido, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, har na ji tsoron kada a ɗauka tukunyar ce ke yoyo.

Rabin awa ta cika, allura tana inda na bar ta. Na bi kowane layi da busasshen tsumma, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Guɗar da ta tashi ta fi ta ranar da na zo. Taubashiyata ta ratso mutane ta zo gabana, na gyara tsayuwa ina jiran godiyar shekara sittin. Ta ce, "To, Bature, yau dai karatunka ya yi rana ɗaya."

Ranar Asabar da safe na duba bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa, na nuna wa matar mai walda alamar da allura ba za ta wuce ba, na ja jan layi a kan gilashin gejinsu. Ita ta hura wutar farko, tana zaune a kan kujerarta. Muka kamo hanya da galan na mai da ƙullin ƙuli-ƙuli, muka sake haye Kwara, muka wuce gangar nan mai sunaye uku da farar hodata, muka iso Birni bayan isha'i kaɗan, bayana kamar ba nawa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma zan faɗe shi. Masu walda na ƙauyukanmu ba hannu suka rasa ba, wanda zai gaya musu abin da ido ba ya gani suka rasa, mu kuwa da muka sani mun zauna a birni muna karɓar fansho muna ƙorafi. Duk mai shirin ƙera tukunyar tururi, ko ta man gyaɗa ce ko ta kaɗanya, ya bari a duba waldarta tun tana tsirara, ya gwada ta da ruwa, kada ya kusance ta da injin mai faci. Na kuma koyi cewa shekara talatin na bayani da Turanci ba su kai farcen tsohuwa ɗaya a jikin tulu ba, wannan kuwa bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Bayan mako guda hoto ya shigo wayata. Sun sake ɗauko mai zanen nan daga Ka'oje. Na ji jinina ya fara hawa, na nemo tabarau. Koren ya dawo, furanni sun dawo har sun fi na da yawa. Amma a kan kowane layin walda an bar fili faɗin yatsu uku, ƙarfe tsirara yana ƙyalli da man gyaɗar da aka shafa don tsatsa, furannin sun bi gefe da gefe ba su taɓa shi ba. Tsuntsun nan ma an mayar masa da kai, an dai matsar da shi gefe kaɗan. A ƙarƙashin hoton akwai saƙon murya daga taubashiyata. Ta ce mai walda ne ya tsaya a kan mai zane da sanda, kuma in shirya, domin matan Lafagu sun ba shi aikin tasu tukunyar, ya ce ba zai miƙa ta ba sai na zo.

Na aika a sayo mini farar hoda gwangwani biyu. Ɗaya na aiki ne, ɗaya na masu shinge.